Sacewar huhu: Abin da ke haddasa ta da kuma illolinta

Sacewar huhu wani yanayi ne da huhun mutum, ko wani ɓangare nasa, ke motsewa ya daina ɗaukar iska, kamar yadda tayar keke ke sacewa idan ƙaya ta huda ta.

Likitoci na cewa galibi ita ba cuta ba ce mai zaman kanta, wata matsalar ce ke janyo ta. Wani lokacin takan warke da kanta ba tare da mai ita ya ma san ta same shi ba, wani lokacin kuma takan hallaka mutum cikin mintoci.

A yankuna irin su Gaya da Ajingi da ke gabashin jihar Kano, abubuwan da ke haddasa ta ba baƙi ba ne. Akwai su a tsakar gida da gona da kuma kan hanya: ƙwayar gyaɗa a hannun yaro, tarin da ya ƙi jin magani, da faɗuwa daga kan babur.

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Gaya na da mutane kimanin 200,000, yayin da Ajingi ke da sama da 170,000, kuma akasarinsu manoma ne da ke zaune a ƙauyuka.

Yadda huhu ke buɗewa

Mutum na da huhu biyu. Na dama ya kasu gida 3, na hagu kuma gida 2, saboda zuciya ta ɗauki wani wuri a ɓangaren hagu.

Iskar da aka shaƙa na bi ta maƙogwaro, sannan ta rabu cikin manyan bututu biyu, su kuma su yi ta rarrabuwa kamar rassan bishiya, har su ƙare a wasu 'yan ƙananan jakunkuna da yawansu ya kai miliyan 300 zuwa 500. A cikin waɗannan jakunkuna ne iskar oksijin ke shiga jini.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne, huhu ba ya da ƙarfin buɗe kansa. Ɗabi'arsa ita ce motsewa, tamkar balan-balan. Ƙirji ne ke riƙe da shi a buɗe.

Akwai wani tantani mai ruɓi biyu, ɗaya manne da huhu, ɗaya kuma manne da bangon ƙirji daga ciki. Tsakaninsu babu iska ko kaɗan, sai ɗan ruwa da ke sa su manne da juna, kamar yadda faranti biyu masu laima ke mannewa. Idan ƙirji ya buɗe sai ya jawo huhu ya buɗe tare da shi.

Daga nan ne ake samun hanyoyi biyu da huhu ke sacewa.

Ta farko ita ce idan wani abu ya shiga tsakanin tantanin biyu, ko iska ko jini ko ruwa ko mugunya, ya danne huhun daga waje. Idan iska ce ta shiga, likitoci na kiran yanayin niyumotoras.

Ta biyu kuma ita ce idan bututun iska ya toshe daga ciki. Iskar da ta rage a bayan toshewar sai jini ya tsotse ta a hankali, babu kuma sabuwa da ke shigowa, don haka jakunkunan su manne. Wannan motsewa ta jakunkunan iska ita ake kira atelektasis.

Gyaɗa a hannun yaro

A lokacin kaka, da wuya a shiga gida a ƙauyukan Gaya ko Ajingi ba a tarar da gyaɗa a shanye ko ana ɓararta ba, kuma yara na wasa a gefe.

Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a Najeriya sun daɗe suna sanya gyaɗa a sahun gaba cikin abubuwan da suke cirowa daga hanyar numfashin ƙananan yara.

Dalili kuwa shi ne, yaron da bai kai shekara 3 ba bai gama fitar da turamen haƙoransa ba, don haka ba ya iya tauna ƙwayar sosai. Ga shi kuma yakan yi gudu ko dariya ko kuka da abinci a baki. Jan numfashi ɗaya ya isa ya kai ƙwayar cikin bututun iska.

Da farko yaron zai shaƙe, ya yi tari mai tsanani, idanunsa su yi ja. Bayan 'yan mintoci sai tarin ya lafa, kuma a nan ne iyaye da yawa ke yaudaruwa, su ɗauka cewa abin ya wuce.

Sau da yawa bai wuce ba. Ƙwayar ta gangara ne ta sami wurin zama a wani reshe na bututun.

Gyaɗa ta fi dutse ko ɗan ƙarfe illa ta wannan fuska, domin tana tsotsar laima ta kumbura, man da ke jikinta kuma yana sa bangon bututun ya kumbura shi ma. Cikin kwanaki ɓangaren huhun da ke bayanta zai sace, majina ta taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin hayayyafa.

Abin da iyaye za su gani shi ne zazzaɓi da tarin da ke tafiya yana dawowa. Za a sayi maganin tari a kemis, a yi allurai, yaro ya ɗan samu sauƙi, sannan ciwon ya dawo a wuri guda.

Wani abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne, gyaɗa ba ta fitowa a hoton ƙirji kamar yadda ƙarfe ke fitowa. Saboda haka labarin da uwa za ta bayar, cewa ranar kaza yaro ya shaƙe yana cin gyaɗa, shi ne babban abin da likita zai dogara da shi. Bai kamata a raina wannan labari ba, ko da makonni sun wuce.

Cire ƙwayar na buƙatar a sa yaron barci, a zura wani ƙarfe mai fitila ta baki zuwa cikin bututun. Aiki ne na ƙwararru da ake yi a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ba gyaɗa kaɗai ba ce. Akwai wake da ƙwayar masara da 'ya'yan kankana da kuma ɗan usur da ke cikin kayan wasan yara na roba. A ƙasashen Musulmi da dama kuma likitoci sun yi rubuce-rubuce kan 'yan mata da ke shaƙar allurar mayafi, saboda al'adar riƙe ta a leɓe yayin gyara lulluɓi.

Tarin fuka

Ga manya kuwa, tarin fuka na cikin manyan dalilai a wannan ɓangare na duniya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutane rabin miliyan ne suka kamu da cutar a Najeriya a shekarar 2023, abin da ya sa ƙasar cikin waɗanda cutar ta fi yi wa katutu a duniya. Kano kuma na cikin jihohin da aka fi samun masu ita.

Tarin fuka na iya sace huhu ta hanyoyi fiye da ɗaya. Yana cin naman huhu ya bar kogo, kuma idan kogon ya fashe zuwa cikin tantanin da ke kewaye, iska za ta tsiyaya ta danne huhun. Yana kuma tara ruwa a ƙirji. A jikin yara, yakan kumbura kaluluwar da ke cikin ƙirji har ta matse bututun iska.

Marigayi Nelson Mandela na Afirka ta Kudu ya gamu da irin wannan a shekarar 1988, lokacin da yake tsare a gidan yarin Pollsmoor. An kai shi asibitin Tygerberg, inda aka zuƙe ruwa kimanin lita 2 daga ƙirjinsa, sannan aka tabbatar cewa tarin fuka ne. An gano cutar da wuri, kuma ya warke.

Wanda ya yi jinkiri kuwa, ko da an kashe ƙwayar cutar daga baya, tabon da ta bari kan sa wani ɓangare na huhun ya ƙanƙance har abada.

Gwajin majina da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware domin haka, kuma maganin na ɗaukar wata 6. A birnin Kano, asibitin cututtuka masu yaɗuwa da aka fi sani da Asibitin Zana ya daɗe yana karɓar masu wannan cuta. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke maimaitawa ita ce, duk tarin da ya kai mako 2 a je a yi gwaji.

Rauni a ƙirji

Babur shi ne abin hawan da ke haɗa ƙauyukan yankin da kasuwanni da asibitoci, kuma wanda ya faɗi daga kansa yakan bugu a gefen ƙirji.

Haƙarƙarin da ya karye na iya huda huhu daga ciki, ba tare da an ga digon jini ko ɗaya a waje ba. Haka ma faɗowa daga bishiya ko amalanke, da tunkuyin sa, da sukar wuƙa, da harbin bindiga.

Mutum zai iya tashi ya karkaɗe rigarsa ya ce babu komai, alhali iska ko jini na taruwa a ƙirjinsa.

Hakan ta faru da shugaban Amurka Ronald Reagan a ranar 30 ga watan Maris na 1981, lokacin da aka harbe shi a birnin Washington. Harsashin ya shiga ta ƙarƙashin hammatarsa ta hagu, ya karya haƙarƙari ya huda huhu. Da farko shi kansa bai san an harbe shi ba, kuma da ƙafarsa ya shiga asibiti kafin ya yanke jiki ya faɗi. Abin da ya cece shi shi ne an kai shi gaban likitoci cikin 'yan mintoci.

Mafi haɗari a irin wannan rauni shi ne idan hudar ta zama mai barin iska ta shiga amma ba ta barin ta fita. Duk numfashin da mutum ya ja sai iskar ta ƙaru, har ta tura zuciya gefe guda, ta matse manyan jijiyoyin da ke mayar da jini cikinta. Jinin mutum zai yi ƙasa, jijiyoyin wuyansa su kumbura, ya fita hayyacinsa. Idan ba a soka allura an fitar da iskar nan take ba, mutuwa ce ke biyo baya.

Akwai wata al'ada da ta kamata a yi hattara da ita, wato ɗaure ƙirjin wanda haƙarƙarinsa ya karye da rawani ko zane tamau. Ɗaurin na rage zafi, amma yana hana ƙirji buɗewa, wanda hakan ke sa ƙasan huhu ya sace, nimoniya ta biyo baya. Likitoci sun daina yin haka tuntuni, sun koma ba da maganin rage zafi mai ƙarfi domin mutum ya iya jan numfashi sosai ya kuma yi tari.

Idan kuma wuƙa ko wani ƙarfe ya maƙale a ƙirji, ba a zare shi sai a ɗakin tiyata.

Matashi mai ƙoshin lafiya

Wani nau'in kan zo ba tare da rauni ko wata cuta da aka sani ba. Ya fi samun samari dogaye marasa jiki, tsakanin shekara 15 zuwa 35.

Wasu 'yan ƙananan ƙuraje masu iska ne ke fitowa a saman huhu, ɗaya daga cikinsu ya fashe. Saurayi na zaune a majalisa sai ya ji suka a gefe ɗaya na ƙirji kamar an caka masa mashi, numfashi ya yi masa wuya.

Shan taba na da hannu dumu-dumu a nan. Wani bincike da aka wallafa a ƙasar Sweden a shekarar 1987 ya gano cewa haɗarin ya ninka kusan sau 20 ga maza masu shan sigari, ya kuma ninka kusan sau 9 ga mata. Shan wiwi ma na ƙara haɗarin.

Kimanin mutum 1 cikin 3 da abin ya taɓa samu, yakan sake dawo musu, musamman idan ba su bar taba ba.

Majina da kwanciya

Sacewar huhu da ta fi yawa a asibitoci ita ce wadda ke biyo bayan tiyata. Bincike ya nuna cewa kusan 9 cikin 10 na mutanen da aka sa barci domin tiyata, wani ɗan ɓangare na huhunsu kan sace, ko da yake galibi yana buɗewa da kansa.

Matsalar na ƙaruwa ne idan aikin a ciki ko ƙirji aka yi shi. Matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, alal misali, tana tsoron yin tari saboda zafin ɗinki, don haka majina ta taru ta toshe ƙananan bututu. Wannan ne ya sa ma'aikatan jinya ke matsa wa marar lafiya ya tashi zaune, ya taka, tun washegarin aiki, abin da 'yan uwa masu jinya kan ɗauka rashin tausayi ne.

Tsoho da ya daɗe a kwance saboda shanyewar ɓarin jiki ko karayar ƙugu na fuskantar irin wannan haɗari. Haka ma masu asma, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke tashi, da yara masu ƙyanda ko tarin shiƙa, da masu ciwon sikila idan ciwon ya kama su a ƙirji.

Jariri bakwaini kuwa matsalarsa daban ce. Akwai wani sinadari mai santsi da huhu ke samarwa domin hana jakunkunan iska mannewa, kuma ba ya wadata sai a makonnin ƙarshe na ciki. Wasu masana biyu a Amurka, Mary Ellen Avery da Jere Mead, su ne suka gano a shekarar 1959 cewa rashin wannan sinadari ne ke sa bakwaini nishi da wahalar numfashi.

Alamomi da abin da ke biyo baya

Idan ɓangaren da ya sace ƙarami ne, mai yiwuwa ba za a ga wata alama ba.

Idan babba ne, akwai suka a gefe ɗaya na ƙirji da ke ƙaruwa yayin jan numfashi, da haki, da bugun zuciya da sauri, da busasshen tari. Wani lokacin za a lura gefe ɗaya na ƙirji ba ya ɗagawa kamar ɗayan. Leɓe da harshe da farce kan yi duhu idan oksijin ya yi ƙaranci a jini.

Ga yara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'aunin da kowa zai iya amfani da shi da agogon wayarsa. Numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, da 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta a kai yaro asibiti. Haka kuma idan ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki yayin da yake jan numfashi.

Illar farko ita ce jini na ratsa ɓangaren da ya sace ya fito ba tare da ya ɗauki oksijin ba. Matashi mai lafiya zai iya jurewa da huhu ɗaya na wani lokaci, amma ga wanda tarin fuka ko taba suka riga suka ci huhunsa, ƙaramar sacewa ma na iya kai shi gargara.

Idan aka bar huhu a sace na tsawon lokaci, nimoniya na shiga, mugunya na iya taruwa a ƙirji, bututun iska kuma su buɗe su lalace, mutum ya rayu yana tarin majina mai wari shekara da shekaru. A wasu lokuta sai an yanke ɓangaren da ya lalace.

Magani

Maganin ya danganta da musabbabin. Idan toshewa ce, a cire abin da ya toshe, ko a taimaka wa mutum ya fitar da majina. Idan iska ce ko jini ko ruwa, akan zuƙe da allura, ko a sa robar da ke shiga ta tsakanin haƙarƙari, ɗaya bakinta kuma a nutsa shi cikin kwalba mai ruwa a ƙasan gado, ta yadda iska za ta fita amma ba za ta koma ba.

Idan iskar kaɗan ce, jiki na tsotse ta da kansa, kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a kowace rana. Wani bincike da aka yi a Ostireliya da New Zealand, aka wallafa a 2020, ya nuna cewa matasa da dama da huhunsu ya sace haka kawai sun warke ba tare da an sa musu roba ba. Sai dai an yi hakan ne bayan ɗaukar hoto, kuma ƙarƙashin sa idon likita.

Garin Gaya na da babban asibiti, amma ayyuka irin su cire abu daga bututun iska ko tiyatar ƙirji na buƙatar tafiyar kimanin kilomita 60 zuwa Kano ta Wudil. Ga wanda ya taso daga wani ƙauye a Ajingi, musamman da damina, tafiyar ta fi haka. Wannan nisa ne ya sa kwana ɗaya da aka ɓata ana jiran a ga abin da hali zai yi ke da tsada.

Rigakafin ƙyanda da tarin shiƙa na cikin alluran da ake yi wa yara kyauta, kuma tun daga ƙarshen 2014 Najeriya ta fara shigar da rigakafin nimoniya cikin jerin.

Daga ƙaho zuwa roba

Matsalar tsohuwa ce a tarihin likitanci. Wani likitan tiyata Musulmi na daular Usmaniyya, Sharafuddin Sabunjuoglu na garin Amasya da ke Turkiyya ta yau, ya yi bayaninta a littafin tiyata da ya rubuta a shekarar 1465. Ya ba da shawarar a tsaga wurin da haƙarƙari ya karye a kafa ƙaho a zuƙe, dabarar da wanzaman ƙasar Hausa ba za su ji ta baƙuwa ba. Tunanin nasa na zuƙo abin da ya taru ya yi kama da aikin robar yau, ko da yake ƙahon da ake kafawa a kan fata ba ya kaiwa inda iskar take, kuma sakiya a ƙirji na iya huda huhun da kanta.

Wani likita Bafaranshe, Jean Itard, shi ne ya raɗa wa yanayin suna niyumotoras a 1803, sannan René Laennec, wanda ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji da likitoci ke ratayawa a wuya, ya yi cikakken bayaninsa a 1819.

Abin mamaki, an taɓa sace huhu da gangan a matsayin magani. A 1882 wani likita ɗan Italiya, Carlo Forlanini, ya kawo shawarar a riƙa ɗura iska a ƙirjin mai tarin fuka domin huhun ya huta kogon ya rufe. An yi wa dubban mutane haka a Turai da Amurka, har zuwa lokacin da aka samu magungunan kashe ƙwayar cutar a shekarun 1940 da 1950.

Maniyyata

Iskar da ta maƙale a ƙirji na ƙara faɗi idan jirgin sama ya yi nisa a sama. Saboda haka wanda iska ta danne wa huhu ba ya hawa jirgi har sai hoto ya tabbatar huhun ya buɗe gaba ɗaya, sannan ya ƙara aƙalla mako 1, ko mako 2 idan rauni ne ya janyo.

Maniyyaci aikin Hajji ko Umara da ya taɓa samun wannan matsala, ko ya yi haɗarin da ya taɓa haƙarƙarinsa gab da tafiya, ya kamata ya shaida wa likitocin da ke tantance lafiyar alhazai tun kafin a sa shi cikin jerin waɗanda za su tashi daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano.